Sharhi: Who Wants to Be a Millionaire? a hannun Clarkson, da ɓarnar da agogo ya taɓa yi wa shirin

Bayan kallon tsohon shirin kacici-kacici na Who Wants to Be a Millionaire? na Ingila da sabon da Jeremy Clarkson yake gabatarwa a tashar ITV tun watan Mayun 2018, hukuncina shi ne sabon ya cancanci a zauna a kalla. Mafi yawan yabon kuwa na masu tsara wasan ne, Clarkson ya samu kasonsa daga baya.

Tsarin asali na 1998, lokacin da Chris Tarrant yake gabatarwa, tambayoyi 15 ne, daga fam 100 zuwa fam miliyan ɗaya. Tudun mun tsira biyu ne, fam 1,000 a tambaya ta biyar da fam 32,000 a ta goma. Wanda ya haye su, ko ya faɗi daga baya ba zai koma ƙasa da nan ba. Agaji uku ne: kwamfuta ta cire amsoshi biyu da ba daidai ba daga cikin zaɓin da aka bayar, a kira aboki na daƙiƙa 30, ko a tambayi 'yan kallo. Ba a ƙayyade lokacin amsawa ba, kuma nan ne gishirin shirin yake. Mutum na zaune, fitila ta dushe, kiɗa na bugawa kamar bugun zuciya, yana shafa haɓa yana lissafin abin da zai rasa, mai kallo a gida kuma ya riga ya faɗi tasa amsar yana jiran a tabbatar masa.

A 2007 aka rage tambayoyin zuwa 12, aka ɗaga tudu na biyu zuwa fam 50,000. A 2010 aka kawo agogo, daƙiƙa 15 a tambayoyi biyu na farko, 30 a biyar da ke biye, aka kuma soke zagayen saurin danna amsa da ake zaɓen mai hawa kujera da shi. Niyyar ita ce a hanzarta wasan. Abin da ya biyo baya shi ne ɗan takara ya daina tunani a fili, domin mai kallon agogo ba ya bayyana dalilinsa, cafke amsa kawai yake yi. Tarrant ma, wanda gwanintarsa ita ce jan rai kafin ya ce an ci ko an faɗi, ya rasa wurin yin ta a rabin farko. Shirin ya tsaya a 2014.

Na Amurka ya fi shan gyare-gyare. An sa agogo a 2008. A 2010 aka cire kiran aboki saboda abokan suna duba amsa a intanet, sannan aka zo da tsarin da ya cakuɗa kuɗin tambayoyi goma na farko, har aka ɗauke kujerar aka bar mutane a tsaye. Tambaya mai sauƙi tana iya zuwa da dala 25,000, mai wuya ta zo da dala 100. Da tsanin kuɗin ya rushe, mai kallo da ya kunna a tsakiya ba shi da hanyar gane inda aka kai ko girman haɗarin. Bayan tafiyar mai gabatarwa Meredith Vieira a 2013 sai aka shiga sauya masu gabatarwa: Cedric the Entertainer shekara ɗaya, Terry Crews shekara ɗaya, sannan Chris Harrison har aka rufe shirin a 2019. Sabuwar fuska a kan tsarin da bai zauna ba, kowanne sai ya ɓata lokaci yana bayanin ƙa'idoji.

Sabon na Ingila ya dawo da tambayoyi 15, ya jefar da agogo, ya maido da zagayen saurin danna amsa da mutum shida maimakon goma. Sauyi biyu kawai ya ƙara, kuma na farkon shi ne mafi kyawun abin da aka yi wa shirin tun kafuwarsa. Tudun fam 1,000 yana nan, amma na biyun ɗan takara ne yake kafa shi da kansa, sau ɗaya tak, kafin ya ga tambayar, kuma sai ya ci tambayar zai tabbata.

Lissafin yana da daɗin bi. Wanda ya kafa a fam 16,000 ya huta da wuri, sai dai in ya kai fam 125,000 ya kuskure tambayar fam 250,000, asararsa fam 109,000 ce, don haka yawanci zai kwashi kuɗinsa ya tafi. Wanda ya yi haƙuri har fam 125,000 zai amsa tambayar gaba ba tare da fargabar komai ba, amma duk tsawon hanyar fam 1,000 kaɗai ke ƙarƙashinsa. Yana riƙe da fam 64,000, kuskure ɗaya ya kwashe 63,000. Kuskuren da aka fi gani shi ne mutum ya ƙone agajinsa a tambayoyin tsakiya sannan ya jinkirta kafa tudu don kwaɗayi. Ya kamata yawan agajin da ya rage ya zama ma'aunin lokacin kafawa.

Sauyi na biyu shi ne agajin tambayar mai gabatarwa. Wannan yana aiki ne saboda ba a nuna wa Clarkson amsa sai an kulle ta. A fannin motoci, jiragen sama da tarihin yaƙi yana da amfani, a wasu fannonin kuma yakan ce bai sani ba, agajin ya tafi a banza. Ɗan takara mai wayo yakan adana shi har fannin da ya dace ya fito. Aibinsa shi ne ƙimarsa ta rataya a kan mutum ɗaya. Ranar da aka sauya mai gabatarwa, agajin ya zama wani abu dabam.

Shi kansa Clarkson, ba ya kwaikwayon Tarrant, kuma hakan daidai ne. Tarrant mai lallashi ne da jan rai, shi kuwa mai zolaya ne, wani lokacin har ta yi yawa a tambayoyin farko inda ɗan takara yake cikin ruɗu. A farkon zuwansa ya taɓa shaida wa wani cewa ya ci kafin ya duba allo, ashe ya faɗi, irin tuntuɓen sabon hannu. Amma da an haye fam 32,000 yakan rage barkwanci ya bar shirun ya yi aikinsa. A watan Satumban 2020, da wani ɗan takara, Donald Fear, ya ci miliyan ɗin da agaji ɗaya kacal, karo na farko da aka ci miliyan tun 2006, Clarkson ya bar shi yana warware kowace amsa da bakinsa, abin da agogon 2010 zai hana shi a tambayoyi bakwai na farko.