Rigar hoki mai haɗe da kariyar wuya: ta fi ta ɗaurawa, kuma ta cancanci kuɗinta

Duk mai yaron da ke buga hoki na ƙanƙara a nan Kanada ya san jerin kayan da ake miƙa wa iyaye a farkon kaka: hular kwano mai raga a fuska, kariyar kafaɗa, ta gwiwar hannu, ta ƙwauri, safar hannu, takalmi da sanda. Can ƙasan jerin ake rubuta kariyar wuya, kuma da yake ita ce mafi arha, yawancin iyaye wadda hannu ya fara kaiwa gare ta a shago suke ɗauka. Ɗana yana buga wa 'yan ƙasa da shekara 11 a Winnipeg, ya kuma sa iri biyu: ta ɗaurawa mai maɗaurin Velcro a ƙeya, da wadda aka ɗinka a jikin rigar ciki mai dogon hannu. Ta biyun nake so in ba ku labari, don ita ce ta kwantar min da hankali.

Ta ɗaurawar, in ka riƙe ta a hannu, ba ta da laifi. Matsalarta ba ta zama inda aka ajiye ta. Zan ɗaura masa ita daram a ɗakin canza kaya, amma kafin a gama zagayen farko, in ya dawo benci ya ɗaga kai zai sha ruwa, sai in hango maɗaurin da ya kamata ya kasance a ƙeya ya juyo ƙarƙashin kunne, ita kuma ta zame ƙasa, fatar wuya a buɗe kamar faɗin yatsu biyu tsakaninta da haɓa. Wani lokaci shi da kansa yake sassauta ta. In na yi magana sai ya ce, "Umma, tana min ƙaiƙayi ne." Ga shi bayan wanki kaɗan zare da gashin tufafi sun cika maɗaurin, ya daina kamawa sosai.

Waɗancan yatsu biyun su ne damuwata. Manyan jijiyoyin da ke kai jini kai da masu dawo da shi a gefen wuya suke, ba su da nisa da fata. Ƙarfen da ke ƙasan takalmin hoki kuwa wasa shi ake yi kamar wuƙa a kai a kai, da kuɗinmu ma. Yara ƙanana suna faɗuwa fiye da manya, suna cakuɗewa a bakin raga da jikin katangar fili, wani a kwance, ƙafar wani a sama. Ranar 28 ga Oktoba 2023 Adam Johnson, Ba'amurke ɗan shekara 29 da ke buga wa ƙungiyar Nottingham Panthers, ya rasu bayan ƙarfen takalmi ya yanke shi a wuya a wani wasa a Sheffield da ke Ingila. Kafin shi, a Janairun 2022, wani ɗalibi ɗan shekara 16 ya rasu ta wannan hanya a jihar Connecticut ta Amurka. Abin ba ya yawan faruwa, gaskiya ne, amma in ya faru 'yan mintoci kawai ake da su.

Rigar da na saya masa wuyanta dogo ne, ya tashi har kusa da haɓa, an saƙa shi da zaren Kevlar mai wuyar yankuwa. Da yake a jikin riga yake, rigar kuma tana cikin wando, kariyar kafaɗa ta danne ta, ba shi da inda zai juya. Na sa ido kaka guda cur, a atisaye da wasa, ban ga ya karkace ba. Wani alherin kuma, ba a manta ta a gida. Iyayen da suka taɓa juye jakar hoki a ƙasa suna neman ɗan ƙyallen nan minti biyar kafin a shiga fili sun san abin da nake nufi.

Kafin ku biya kuɗi ku juya wuyan ku duba tambarin BNQ. Hukumar tantance ingancin kaya ce ta lardin Kebek, kuma Hockey Canada, hukumar hoki ta Kanada, ta wajabta wa yara sa kariyar wuya mai wannan tambari. Akwai riguna masu dogon wuya da ake sayarwa a intanet waɗanda ɗumi kawai suke bayarwa. 'Yan uwanmu da ke Amurka su ma abin ya shafe su yanzu, domin daga 1 ga Agusta 2024 USA Hockey, hukumar hoki ta ƙasar, ta wajabta kariyar wuya ga yara da matasa, bayan hukumar hoki ta duniya, IIHF, ta sanar da nata wajabcin a Disambar 2023.

Rigar tana da nata nauyin. Kuɗinta ya ninka na ta ɗaurawa kusan sau uku, yaro kuma girma yake yi, da wuya ta wuce kaka biyu. Kada a saya masa babba don ya girma a ciki kamar yadda muke yi da kayan sallah. In wuyan ya yi sako-sako an koma gidan jiya. Ta fi zafi, gumi yana taruwa a wuyan, don haka duk ranar da aka sa ta sai an wanke. Ni da ruwan sanyi nake wankewa in shanya, ba na sa ta a na'urar busar da kaya. Makonnin farko ya yi ƙorafin tana takura masa in zai kalli ƙasa, daga baya ya saba har ya daina ambata.

Kuma a san iyakarta. Aikinta rage yanka ne. Ba za ta tare ƙarfin ƙwallon ba, wannan dunƙulen baƙar roba mai tauri, in ya bugi maƙogwaro, shi ya sa masu tsaron raga da yawa suke ƙara farantin roba da ke rataye a ƙasan hularsu. Haka nan ba ta maye gurbin mutumin da ya san abin yi. A 1989 aka yanki Clint Malarchuk, mai tsaron ragar Buffalo Sabres, a wuya ana tsakiyar wasa, abin da ya cece shi kuwa mai kula da lafiyar ƙungiyar ne da ya rugo ya danne jijiyar da hannunsa har likitoci suka karɓa. Don haka a taron iyaye na farkon kaka na tambayi koci wa ke riƙe da jakar agajin gaggawa a benci, da kuma ta wace ƙofa motar asibiti ke shigowa filin. Ya amsa min dalla-dalla ba tare da ya ji haushi ba.

Ina duba ɗinkin wuyan duk bayan wanki, in na ga zare ya fara warwarewa zan canza ta ko kaka ba ta ƙare ba. Ƙanwarsa za ta fara koyon hoki a kaka mai zuwa in Allah ya kai mu, kuma sabuwa zan saya mata daidai wuyanta. Sauran kayan yayanta za ta gada, ban da wannan da hular kwano.