Oksimetir na yatsa: abin da take gani da abin da ke wuce ta ga mai ciwon huhu da ke tashi a gajiye

Mai daɗaɗɗen ciwon huhu, irin wanda likitocin Yamai ke rubuta wa BPCO a takarda, ko wanda tarin fuka ya warke ya bar masa tabo, ya san safiya ce ta fi ba shi wuya. An kwana, gari ya waye, amma jiki a mace. Kai na sarawa, majina ta taru a ƙirji, sallar asuba sai a zaune, rai kuma a dagule ba tare da kowa ya taɓa shi ba. A wannan hali ne ƴaƴa kan je farmasi su sayo wa Baba ko Inna ƴar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, oksimetir, wadda wasu ma'aikatan lafiya ke ce wa satirometir. A ganinmu ta cancanci kuɗinta. Sai dai tambaya ɗaya tak take amsawa, ita kuwa gajiyar safe ta ƙofofi da yawa take shigowa.

Batir biyu ƙanana masu lamba AAA take ci. A cikin bakinta akwai haske iri biyu, ɗaya ja, ɗaya ido ba ya ganinsa, suna ratsa yatsa zuwa wani ɗan ido a ɗaya gefen. Jinin da ya ƙoshi da oksijin da wanda bai ƙoshi ba kowanne da yadda yake shan hasken, daga nan take yin lissafinta. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabarar a farkon shekarun 1970. Lamba biyu take nunawa: SpO2, wato kashi nawa cikin ɗari na jinin ke ɗauke da oksijin, da PR, bugun zuciya a minti ɗaya. A riƙa duba rubutun da ke gefen kowace lamba, don ana yawan ganin bugun zuciya 78 a ɗauka oksijin ne, gida ya rikice a banza.

Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100. Mai BPCO kuwa yana iya zama a 92 ko 93 kullum, kuma nan ne daidai gare shi, saboda haka a tambayi likita lambar da ta dace da wannan majinyacin. Mai BPCO da aka ɗora a kan oksijin, yawanci 88 zuwa 92 ake nema masa. Ƙara buɗe masa oksijin don a ga 98 ganganci ne, domin hakan na iya tara masa kabon dayoksaid, iskar da jiki ke fitarwa a numfashi, a jini har ya fara magagi. Idan ana ta samun ƙasa da 88 alhali mutum na zaune, a kai shi asibiti a ranar. Idan leɓe ya canza launi, ko ya rikice, ko ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ba a jiran abin da na'ura za ta ce.

Yadda ake aunawa shi ne rabin aikin. Mutum ya zauna ya huta minti biyar, hannu a kan cinya, a sa ɗan ali ko yatsan tsakiya har ƙarshe, a bar motsi da magana. Lambar farko ba abin yarda ba ce. A jira daƙiƙa 30 zuwa 60 har ta tsaya wuri ɗaya. Lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, a auna kafin alwala, don ruwan sanyi na tsuke jijiyoyin yatsa, sai na'urar ta ba da ƙaramar lamba ta ƙarya ko ta ƙi nuna komai. A murza hannu ya yi ɗumi tukuna. Jan farce da baƙin lalle suna tare hasken, sai a zaɓi yatsan da ya fi haske. A tsakar gida da rana ma tana ruɗewa, a rufe hannun da gefen zane.

Aibinta mafi girma gare mu shi ne launin fata. Wani bincike na Jami'ar Michigan a Amurka da ya fito a 2020 ya gwada lambar oksimetir da ainihin awon jini, ya tarar cewa cikin waɗanda na'urar ta nuna musu 92 zuwa 96, baƙaƙen fata sun ninka farare kusan sau uku wajen samun ƙarancin oksijin da bai bayyana ba. Ma'ana, ta fi karkata ga yi mana ƙari. Dama ko mai kyau ce tana iya kaucewa da maki 2 ko 3. Don haka lamba ɗaya ba hujja ba ce. Abin kallo shi ne sauyi: wanda ya saba 94 ya wayi gari a 90 kwana biyu a jere, akwai magana.

Abin da ke wuce ta kuwa ya fi abin da take gani yawa. Na farko kaskon gawayi da ake shiga ɗaki da shi a rufe ƙofa saboda sanyi. Gawayi na fitar da kabon monoksaid, wani hayaƙi mai guba marar wari marar launi, wanda ke maƙale wa jini a gurbin oksijin, ita kuwa oksimetir ba ta bambanta su. Mutum ya tashi da ciwon kai da jiri, ita tana nuna 98. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, a zargi kaskon kafin huhu, a fita da kowa waje. Haka ba ta auna kabon dayoksaid, wanda ke taruwa cikin dare idan numfashi ya yi rauni, kuma shi ne sanannen dalilin ciwon kan safe da gyangyaɗin rana ga mai BPCO da ya yi nisa. Wannan sai awon jinin jijiya a asibiti. Ba ta san ƙarancin jini ba, domin kashi take faɗa, ba yawa ba: wanda zazzaɓin cizon sauro ya shanye masa jini zai iya nuna 97 yana jan ƙafa.

Ba kuma a kwana da ita. Irin ta yatsa tana suɓucewa, ba ta ajiye lambobi, kuma kafin a farka a auna oksijin ya riga ya farfaɗo. Shaidar wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi ta fi ta amfani: minshari mai ƙarfi, sai tsit, sai a zabura ana haki. A gaya wa likita wannan. A kuma duba abin da ake sha da dare. Shayi mai kauri da goro bayan isha'i suna kashe barci, maganin kumburi prednisolone da safe ake shan sa saboda wannan dalili, kuma yawan shaƙar Ventoline, maganin buɗe hanyar numfashi, na kawo rawar hannu da saurin bugun zuciya. Diazepam, tramol da maganin tari mai kodin kuwa suna danne numfashi a barci. Kada mai ciwon huhu ya taɓa su ba da sanin likitansa ba.

Batun ƙuncin rai ne ya sa ba kowa muke ba shawarar ya riƙe ta a aljihu ba. Haki na kawo fargaba, fargaba na ƙara haki, kuma mai yawan damuwa idan ya samu na'ura sai ya wuni yana aunawa, ko maki ɗaya ya sauka gabansa ya faɗi. Irin wannan a bar ta a hannun mai jinyarsa, a auna sau biyu a rana. Ciwon damuwa abokin tafiyar ciwon huhu ne, kuma shi ma da safe yakan fi tsanani, tare da farkawa tun tsakar dare barci ya ƙi dawowa. Tambaya biyu za a yi: cikin mako biyun nan, abin da ya saba jin daɗinsa, zaman fada da abokai ko wasa da jikoki, ya fita ransa? Yana jin baƙin ciki ko yanke ƙauna kusan kullum? Idan amsar e ce, a faɗa wa likita kamar yadda ake faɗin tari, domin yana da magani, kuma ba raunin imani ba ne. Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a kai shi a ranar.

Inda ta yi rawar gani shi ne ba mutum ƙarfin gwiwar motsawa. Da yawa suna daina fita don tsoron haki, ƙafafu su saki, gajiya ta ƙaru. Da safe a zauna bakin gado, a ɗan sunkuya, gwiwar hannu a kan cinya, a shaƙa ta hanci a ƙirga biyu, a fitar ta tsukakken baki kamar mai hura koko a ƙirga huɗu. A sha ruwan ɗumi, a fitar da majina, a shaƙi maganin safe yadda aka rubuta. Bayan nan a auna, a yi tafiyar minti shida a tsakar gida, a sake aunawa. Mutum kan ga yana haki amma lambar ba ta gusa ba, hankalinsa ya kwanta. Idan ta sauka da maki 4 ko ta gangara ƙasa da 88, a rubuta. Ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari har ba a hango ƙetaren kogi daga gadar Kennedy, a yi tafiyar a cikin ɗaki. A samu littafi a riƙa rubuta oksijin, bugun zuciya, ciwon kai, yadda aka kwana da yadda rai yake, na mako biyu, a tafi da shi ranar ganin likita.

Wajen saye, a fifita farmasi a kan masu talla. A nemi alamar CE mai lambobi huɗu a gefenta, a guji wadda aka rubuta a kwalinta cewa ta wasanni ce kawai. Wadda ke nuna igiyar bugun jini a fuskarta, wato layin da ke hawa da sauka, ta fi, domin idan igiyar ta hargitse ka san lambar ba ta da tabbas. A gwada ta a yatsan mutum biyu masu lafiya kafin a biya, daga baya a kai ta asibiti a kwatanta da tasu. A goge idonta da auduga da ɗan alkol saboda ƙura, kada a bar ta a mota cikin zafin Afrilu da Mayu, kuma a cire batir idan za ta daɗe a ajiye, don yana yin ruwa ya cinye ƙarafen ciki.