Ramin ɓoye kan sukuru: Forstner, mai tsini uku, ko mai haɗe?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka karɓi aikin teburin cin abinci da benci biyu na iroko a Agege, mai aikin ya ce ba ya son ganin kan sukuru ko ɗaya, injin huda na hannu kaɗai gare ka, kuma mai shago ya zube maka bakin injin huda iri-iri a gabanka ka rasa wanda za ka ɗauka. Ga abin da zan ce maka kai tsaye: sayi baki mai tsini uku na milimita 10 tare da abin yanka matoshi (guntun katakon da zai rufe ramin) na milimita 10, ka gwada su tare kafin ka biya. Forstner, wato bakin da ke haƙa rami mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, ka ƙara shi domin ƙarƙashin teburin. Sauran za su iya jira. Amma bari in faɗi dalili, don gobe wani aikin ne zai zo, ba wannan ba.

Ramin da kake magana a kai rami uku ne a wuri ɗaya. Akwai babba na sama inda kan sukuru zai nitse, matoshi ya rufe shi. Akwai na tsakiya da ke ratsa katakon sama, wanda dole jikin sukuru ya wuce ta cikinsa ba tare da zaren ya kama ba. Sai ƙarami a katakon ƙasa, inda zaren zai ciji katako. Na tsakiyar nan shi ne yawancinmu ke tsallakewa don sauri, sai zare ya kama katako biyun lokaci guda, ka ɗaura iya ƙarfinka amma tsaga tana nan tsakaninsu. Sukurun da suka cika kasuwa yanzu, faɗin kansu ninki biyu ne na kaurin jikinsu: mai kaurin milimita 4 kansa 8 ne, mai 5 kansa kusan 10. Don haka mai 4 yana son ramin sama na 10, na tsakiya 4 ko 4.5, na ƙasa 3 a iroko, 2.5 a katako mai laushi irin obeche. Mai 5 kuwa ka ba shi 12 a sama, 5 a tsakiya, 3.5 a ƙasa.

Baki biyu zan fara cire maka daga lissafi. Bakin huda ƙarfe, wanda kowa ke da shi a akwati, an wasa kansa a kusurwar digiri 118, ba shi da tsinin da zai tsaya a kan alama. Yana zamewa, yana yage gefen rami, matoshi ba zai taɓa zama lafiya a ciki ba. Ka bar shi wa ramin tsakiya da na ƙasa, can yana aikinsa. Shi kuma mai faɗin nan mai arha da masu wayarin ke ratsa katako da shi, tsininsa ya yi tsawo, yana kankarar katako maimakon yanka shi, kuma a hannu yana rawa har ramin ya fi girman da aka rubuta a jikinsa. A rufin gida ba laifi. A saman teburin da za a shafa wa mai a sa a falo, a'a.

Gasar gaskiya tsakanin mai tsini uku ne da Forstner.

Ɗauki mai tsini uku ka kalli bakinsa da kyau. Tsini ɗaya ne a tsakiya, sai ƙaya biyu a gefe. Na tsakiyar yana shiga daidai inda ka ɗiga fensir ya tsaya, ƙayoyin gefe kuma su ne ke fara taɓa katako, su yanke jijiyarsa a zagaye kafin sauran bakin ya kwashe cikin. Shi ya sa bakin ramin ke fita tas, babu gashi-gashi. Jikinsa murɗaɗɗe ne, yana fitar da garin katako da kansa, don haka ba ya saurin zafi, kuma da zarar ya shiga, jikin nasa na riƙe shi a miƙe ko da hannunka ya ɗan karkata. Ga mai injin hannu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙasan ramin da yake bari ba shimfiɗaɗɗe ba ne sarai, za ka ga ɗan zobe a gefe da ɗigo a tsakiya, amma matoshi ba ruwansa da ƙasa, bango yake kamawa. Ɗigon nan ma amfani gare shi, shi ne zai ja maka ƙaramin baki ya shiga tsakiya cif.

Forstner kuwa sunan mutumin da ya ƙirƙiro shi ne, Benjamin Forstner, Ba'amurke, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1874. Duk kafintan da ke haɗa kabad na kicin ya san shi, domin shi ne mai milimita 35 da ake haƙa ramin hinjis da shi. Zoben gefensa ne ke yi masa jagora, tsininsa gajere ne ƙwarai, ƙasan raminsa kuma a shimfiɗe yake. A tsafta babu wanda ya kai shi. Matsalarsa a ƙananan girma take. Ba shi da hanyar fitar da gari mai yawa, zoben yana gugar bango a kowane juyi, sai ya ɗau zafi. A iroko, in ka ba shi gudu, za ka ji ƙauri, ka ciro shi ka ga baƙin zobe a bakin ramin, kuma wannan zoben zai fito ƙarara bayan an shafa mai. In bakin ya koma shuɗi, ƙarfen ya saki, kaifin ya tafi. Yana son giya ta farko, wato juyi a hankali, da ɗagawa akai-akai, kuma ya fi jin daɗi a injin huda na tsaye. A hannu yana iya tsalle a farkon shiga ya zana maka rabin wata a fuskar katako. Maganin wannan shi ne ka huda guntun katako tukuna, ka ɗaure shi a kan aikin, ka bi ta cikin ramin.

To me ya sa na ce ka ƙara shi? Saboda saman teburin. Katakon da muke saya a Mushin sau da yawa bai gama bushewa ba, ga damshin Legas, sannan a kai teburin falo mai na'urar sanyaya ɗaki, ko a loda shi a mota zuwa Kano ya haɗu da hunturu. Faɗin saman zai tsuke, ba makawa. In ka ɗaure shi gam da sukuru a rami matsattse, zai tsage, ko ya banƙare. Abin da ake yi shi ne a ɗaura daga ƙasa ta cikin firam, da sukuru mai shimfiɗaɗɗen ƙasan kai da washa, a rami mai ɗan tsawo da zai bar katakon ya motsa. Washa na son ƙasa shimfiɗaɗɗe, kuma Forstner ne kaɗai a cikinsu zai haƙa rami biyu masu haɗe da juna ba tare da ya zame cikin na farko ba. Na milimita 12 ya ishe ka. A nan babu buƙatar matoshi ma, ba mai leƙa ƙasan tebur.

Saura mai haɗe, wanda mai shago ya fi yaba maka, na tabbata. Ƙaramin baki ne a tsakiya, da mayanki mai faɗi da aka ɗaure a jikinsa da alanki, wani har da zoben tsayar da zurfi. Huda ɗaya ya ba ka ramin ƙasa, da mazaunin kai, da ramin matoshi. In benci hamsin ne na makarantar Islamiyya da afara ko malaina, shi zan ce ka ɗauka, domin sauya baki sau uku a kowane rami zai cinye maka yini. Yana da wata fa'ida kuma: ƙasan raminsa a karkace yake, daidai da ƙasan kan sukuru, don haka kan yana zama daram. Amma sai ka lura, sukurun awon inci na Amurka kusurwar kansu digiri 82 ce, na awon milimita 90. A katako mai laushi bambancin yana ɓacewa, a iroko kan zai zauna a gefe ɗaya kawai. Sannan masu arharsu ƙaramin sukurun da ke riƙe mayankin yana kwancewa, zurfi ya canja kana tsakiyar aiki ba ka sani ba, gari ya cushe tsakanin baki da mayanki, gefen rami ya yage. Da yawansu kuma ba sa buɗe ramin tsakiya yadda ya kamata, sai ka sake bi da wani bakin.

Abin da ya fi ɓata aiki a kasuwarmu ba irin bakin ba ne, awo ne. Kayan inci da na milimita a tire ɗaya ake zuba su. Yawancin masu haɗen nan ramin inci 3/8 suke yi, wato milimita 9.5. Ka sayi wannan, ka sayi abin yanka matoshi na 10, matoshin ya ƙi shiga, ka buga da ƙarfi ya fasa gefen. Ka juya lissafin, rami 10 matoshi 9.5, sai ya riƙa yawo a ciki kamar ƙafar yaro a takalmin babansa, gam ya cika tsagar, ya bushe ya bar zobe. Rabin milimita ne kawai, amma ido na ganinsa daga bakin ƙofa. Don haka ka tafi kasuwa da injinka da guntun iroko. Mirgina bakin a kan gilashin kanta ka ga ko ya lanƙwashe. Huda rami a gabansa. Matoshin da ya dace, babban yatsa zai tura shi ya shiga kamar rabi ya tsaya, guduma ta ƙarasa da bugu biyu marasa ƙarfi. In ka samu abin yanka matoshi mai fitar da shi da ɗan tsukewa a ƙasa, shi ya fi, yana shanye ƙaramin kuskure.

Shi abin yanka matoshin ba shi da tsini a tsakiya, don haka kada ka sake ka kafa shi a katako da injin hannu haka kawai, zai yi tsalle ya ji maka. Ko ka je wurin mai injin tsaye ya yanka maka ɗari a zama ɗaya, ko ka yi masa jagora da hudajjen guntun katako da ka ɗaure sosai. Ka yanka daga ragowar katakon aikin, ta fuskarsa, ba ta kansa ba. Masu yanka sandar dawul su toshe rami suna samun ɗigo baƙi a kowane wuri, domin kan katako ya fi shan mai. Ka shafa gam kaɗan a bangon ramin, ka juya matoshin har zanensa ya bi zanen benci, ka bar shi ya bushe kafin ka sare da cizal, kana bin jijiya, sannan samfefa.

Babban rami ake fara hudawa, sannan ƙananan. In ka fara da ƙarami, tsinin tsakiya ya rasa abin kamawa, bakin ya yi ta lilo. Zurfin milimita 6 zuwa 8 ya isa matoshi a katako mai kaurin 25; a mai 18 kada ka wuce 6, don kan sukuru na buƙatar nama a ƙarƙashinsa. Naɗa tef a jikin bakin ya zama alamarka. In sukurunka mai karkataccen ƙasan kai ne kuma ramin na kusa da ƙarshen katako, ka ɗan taɓa bakin ramin tsakiya da abin fafe mazaunin kai, in ba haka ba kan zai buɗa iroko ya tsaga shi.

Iroko yakan ɓoye wani abu mai tauri irin dutse a jikinsa da ke dakushe baki, saboda haka ka nemi bakin da aka rubuta HSS a jikinsa, wato ƙarfe mai tauri da jure zafi, ka sa takunkumi kuma, garinsa na shaƙe ƙirji. In bencin waje zai zauna, musamman wajen Lekki ko Ajah inda iskar teku ke ɗauke da gishiri, sukuru marar tsatsa za ka sa. Ya fi na ƙarfe laushi, yana iya karyewa a iroko, don haka ka fara ɗaura na ƙarfe ya buɗe hanya, ka cire, ka goga wa marar tsatsan kyandir, sannan ka ɗaura shi. Ciro karyayyen sukuru daga ƙasan rami mai faɗin milimita 10 ba tare da ka ɓata bakin ramin ba aiki ne mai wuya ƙwarai.