Filashin zobe: kafin ku aiko a sayo muku daga Faransa

Ƴan uwa masu ɗaukar hoto na Yamai da Tawa, a nan Lyon mai kanti ba ya miƙa maka filashin zobe (fitilar walƙiya mai siffar zobe da ake ɗaurawa a bakin gilashin kyamara) sai ya ga kyamararka. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Zai nuna maka lambar da ke gefen alamar ø a bakin gilashi, ko 58 ko 67 ko 77, ya ɗauko zoben ɗaurawa mai wannan awo, ya murɗa, ya ce gwada. Ƙafar filashin da ke shiga saman kyamara ma sai ya duba ta, don TTL (tsarin da kyamara ke auna wa filashi hasken da zai saki) na Canon ba ya jin yaren Nikon. Ga kuma garantin shekara 2 da doka ta ɗora masa.

A gida fa? A miƙo maka zoben LED na masu TikTok a cikin kwali, a ce: «Filashi ne, Alhaji, Allah ya sa albarka!» Ba shi ba ne. LED haskenta a kunne yake kuma rarrauna ne. Filashi walƙiya ce da ke tsayar da motsi cak. Mu ma da laifinmu: farashi kawai muke tambaya.

Hasken filashin zobe yana kewaye gilashin, shi ya sa inuwa ke ɓacewa. A 1952 Lester Dine ya ƙera shi don hoton haƙora, aikin kusa ne tun asali. Zanen lalle a tafin amarya, ko zayyanar maƙera a kan azurfar Agadas, za su fito layi-layi; tunanin haka kaɗai ya sa ni kewar bukin gida. Amma kada ku shiga taron biki da shi. Filashin Canon MR-14EX II lambar ƙarfinsa 14 ce a ISO 100 (awon jin hasken kyamara): raba 14 da buɗin gilashi f/8 ka sami nisan hasken, bai kai mita 2 ba. A fuska kuma yana jawo jan ido.

Saurin ɗauka kada ya wuce iyakar da kyamara ta ba filashi, kamar 1/200 na daƙiƙa, in ba haka ba baƙin layi zai yanke hoton. Na Canon ɗin pil AA 4 yake ci. Ku nemi masu caji na NiMH, na tebur ba sa jure masa. A zafin Afrilu, in kun yi ta harbawa da cikakken ƙarfi, ku bar shi ya huce minti 10. Duk mai son a sayo masa, ya turo lambar bakin gilashinsa da sunan kyamararsa tukuna.