Sharhi kan kamfanin da ya kai mu Umara: takardu sun yi kyau, ranar farko ta galabaitar da mu

Mu shida muka tafi Umara ta hannun wani kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke Sabon Gari, nan Zariya: ni da uwargida, da yaranmu uku, da mahaifiyata wadda ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya a ƙasa. Ta fannin takardu ba ni da abin cewa sai yabo, domin biza ta fito a kan lokaci, babu kuskure ko na harafi ɗaya a sunayenmu, kuma su ne suka tuna mana da katin rigakafin shawara, wanda saura kaɗan mu bar na autarmu a gida. Inda suka gaza shi ne tsara yinin farko, kamar ba su san da tsohuwa da ƙananan yara a cikin ayarin ba.

An ce mu hallara a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da ƙarfe 4 na yamma, alhali jirgin sai 11 na dare zai tashi. Saboda haka muna idar da sallar Azahar muka bi ta Kwangila muka kama hanyar Kano, muka isa a kan kari, amma wakilin kamfanin da ke riƙe da fasfunanmu bai bayyana ba sai bayan Magariba. Da na tambayi keken da za a tura Hajiya, sai ma'aikaciyar wurin awon kaya ta duba kwamfuta ta ce ba a rubuta mana ba. Ashe tun lokacin yankan tikiti ake neman wannan, kuma na faɗa wa kamfanin har sau biyu.

Tafiyar Kano zuwa Jidda ba ta wuce awa 5 ba, sai dai agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa 2, don haka mun sauka da asuba ba tare da kowa ya yi barcin kirki ba. Mun ɗaura ihrami tun daga Kano saboda a sama ake wuce mikati, kuma sanyin cikin jirgi ya sa ɗana mai shekara 9 ya kwana yana makyarkyata cikin mayafai biyu. Bayan layin jami'an shige da fice, inda aka ɗauki hoton yatsunmu ɗaya bayan ɗaya, sai muka zauna kan jakunkunanmu kusan awa 3 muna jiran motar safa ta cika da wasu matafiyan da jirginsu bai ma sauka ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne daga baya na fahimci jirgin ƙasan Haramain, wanda aka buɗe a 2018, yana da tasha a filin jirgin Jidda, kuma yana kai mutum Makka cikin kimanin awa guda. Da an ba ni zaɓi, da na biya bambancin kuɗin ba tare da musu ba.

Masaukin a unguwar Misfala yake, mai tsabta ne, ba kuma na kushe shi. Amma mun isa da hantsi aka ce ɗakuna sai ƙarfe 4 na yamma, wanda ƙa'ida ce da kamfanin ya sani tun kafin mu baro gida. A nan zauren karɓar baƙi autar ta yi barci a kan darduma, takalminta ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannun uwarta. Jagoran da aka haɗa mu da shi ya ce gara mu wuce Harami mu sauke Umara kafin ɗakunan su samu. Hajiya ta dube shi ta ce, "Yaro, ɗakin Allah ba zai gudu ba, bar ni in miƙe ƙafa." Gaskiyarta ce, domin bayan ɗawafi bakwai akwai sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, wanda shi kaɗai ya haura kilomita 3, ga rana tsaka, ga yunwa.

Sai bayan Isha'i muka fita, na yi hayar keke a Harami na tura ta da kaina, muka kammala tsakar dare. A nan jagoran ya yi abin kirki, don shi ya riƙe hannun biyu daga cikin yaran har aka yi aski, bai kuma nemi ko riyal ɗaya ba.

Da muka dawo Zariya na je ofishin na zayyana wa mai kamfanin duk wannan. Ya saurara, ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri," ya kuma rubuta batun keken a littafinsa, amma game da motar safa ya ce haka tsarinsu yake saboda sauƙin farashi. Zan iya sake ba su aikin biza da tikiti. Mota daga Jidda da ɗakin da za a shiga da safe kuwa, ni zan nema da kaina, ko da zan biya kuɗin ƙarin kwana ɗaya.