Tandam ko AFF, ga ɗan uwanmu mai shirin dira daga jirgi

Ɗan uwa na ga tambayarka, ka ce za ka Dubai kuma kana son ka yi tsalle daga jirgin sama da laima, amma ka rasa wanne za ka ɗauka, tandam ko kwas ɗin AFF. Ni dai kai tsaye, tandam za ka yi, bari kuma in gaya maka dalili.

Tandam shi ne a ɗaure ka da malami, kai a gaba shi a bayanka, laimar tana jikinshi, shi zai buɗe shi zai sauko da ku. Bayanin da za a yi maka bai wuce 'yan mintuna ba, jirgi ya ɗaga ku kamar ƙafa 13,000, ku faɗo wajen daƙiƙa 60 da gudun kusan kilomita 200 a awa ɗaya, sannan ya buɗe laima ku yi ta lilo har ƙasa. AFF kuwa koyon abin ne gaba ɗaya, yini guda za ka yi a aji kafin ma ka ga jirgi, laimarka a bayanka, malamai biyu su riƙe ka a sama a dirar farko amma kai za ka ja ka buɗe laimar, kai za ka sauka da kanka ana yi maka magana ta rediyo. Bambancin hawa bayan ɗan acaɓa ne da koyon tuƙin mashin.

Kuɗi fa nan ne za ka ji a jikinka. A Amurka tandam yawanci dala 200 zuwa 300 ne, bidiyo kuma daban. A Skydive Dubai, wanda ake dira saman Palm Jumeirah, ya haura dirhami 2,000, na reshensu na cikin sahara ya ɗan fi sauƙi, ka lissafa da canjin yau da kanka kar in tayar maka da hankali. AFF matakai ne wajen 7 ko 8, kowane da kuɗinshi, in ka faɗi mataki ka sake biya, kuma lasisin farko na USPA, wato ƙungiyar masu dira da laima ta Amurka, sai ka yi dira 25. Dala dubbai ke nan, ga makonni, ga otal. To in ka dawo Katsina da lasisin ina za ka riƙa dira? Sai dai ka leƙa Jaji ka ga sojoji na tasu, kuma ba za su saka ka a jirgi ba. Abin kuma in ka daɗe ba ka yi ba sai an sake gwada ka.

Maganar haɗari, wadda na san ita Hajiya za ta fara tambaya. A ƙa'idar Amurka malamin tandam sai ya yi dira 500 da shekara 3 cikin harkar, laima biyu ce a jakar, ta biyun ƙwararre ke sake naɗe ta duk kwana 180, sannan akwai wata 'yar na'ura da ke buɗe ta da kanta in aka kai wani tsayi ba a buɗe ba, ko da malamin suma ya yi. Ƙididdigar USPA ta nuna kusan mutuwa 1 a tandam 500,000. Abin da mutane ba su sani ba, da yawan masu mutuwa a wasan nan tsoffin hannu ne, laima ta buɗe lafiya lau amma su kuskure wajen sauka, wato daidai ɓangaren da AFF zai bar maka a hannunka. Duk da haka takardar da za ka sa wa hannu cewa take ka yarda da haɗarin, ka karanta ta, kuma ka duba inshorar tafiyarka don da yawa ba sa biyan irin wannan.

Ka hau sikeli kafin ka biya, a Dubai namiji kar ya wuce kilo 100, mace 90, suna duba tsayi da ƙiba ma. In kana da hawan jini ko ciwon baya ko kafaɗa mai gocewa ka ga likita tukuna. Kuma don Allah kar ka sa shi ranar ƙarshe ta tafiyarka, iska kaɗai na iya sa a ɗage shi zuwa gobe.