Mai wayar babur da ya gano abin da ke dafa min batir

Masu tsofaffin babura a Kano, musamman masu Honda CG125 irin na da, ga wani mai gyaran wayoyin wutar babur da nake ganin ya cancanci a san da zamansa. Dattijo ne, rumfarsa tana can wajajen Kofar Ruwa, ba allo ba suna, benci ɗaya ne da akwatin kayan aiki da yaro ɗaya. Tun da aka hana acaɓa a 2013 yawancin masu hannu a harkar nan suka koma gyaran Adaidaita Sahu, shi dai yana nan kan babur.

Nawa CG ɗin na gado ne, cikin na farko-farkon nan, ai a 1975 Honda ta fara fito da shi kuma na lokacin batir mai volt 6 suke amfani da shi. Wani can baya ya mayar da shi 12, ya sa masa rektifaya, wato na'urar da ke kai wa batir caji tana daidaita shi, ta kasuwa mai waya biyar. Matsalar da ta kai ni ita ce cajin ya yi yawa. Ruwan batir ba ya zama, ka cika yau kafin ka ankara ya ja baya, in ka yi tafiya mai ɗan nisa ka taɓa batir ɗin zafi zau, ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ga asid yana ɗiga ta ɗan tiyon da ke jikin batir har ya fara cin fentin kusa da sarƙa. Ƙwan fitila kuwa kada ma a yi magana, kana murɗa totur zai yi haske fau sannan ya mutu. Sauran wuraren da na je duk waƙa ɗaya ce, oga rektifaya ce, a canza. An canza ɗin, ba abin da ya sauya.

Abin da ya fara burge ni da Baban nan bai taɓa sifana ba sai da ya ɗauko mita. Ya ɗora a kan batir babur na kashe, volt 12.3. Ya ce a buga kik, a silo ta nuna 13 da wani abu, ya ce yaro ya ƙara wuta, sai ga ta tana hawa har ta wuce 16. Ya juyo min da fuskar mitar ya ce, "Ɗana ka gani da idonka, lafiyayyen caji daga 13.5 ne zuwa 14.5, da ya haura 15 to dafa batir ake yi."

Na ce Baba to ba rektifayar ba ce kuwa? Ya ce sabuwa ce fa, bari mu ji ta bakinta tukun kafin mu ɗora mata laifi.

Nan ne ya yi abin da ban taɓa ganin wani ya yi ba. Ita mai waya biyar ɗin nan, rawaya da ruwan hoda daga koyil ɗin da ke samar da wuta a inji suke zuwa, ja tana tafiya batir, koriya ta jikin bodi ce wato negetif, sai baƙa. To baƙar nan ba caji take kaiwa ba, da ita rektifaya take jin ƙarfin wutar da ke cikin babur, kuma ba daga kan batir take ɗauka kai tsaye ba, sai wuta ta bi ta fis ta bi ta makulli sannan ta iso gare ta. In makulli ya yi tsatsa ko soket ya saki, wutar da za ta iso baƙar waya sai ta ragu, ita kuma rektifaya sai ta ɗauka batir ne ya yi sanyi ta yi ta tura masa caji ba ƙaƙƙautawa alhali shi ya ƙoshi tuntuni. Ya sa tsinken mita ɗaya a fozitif na batir ɗaya a baƙar waya, fitila na kunne, tazarar ta kusa volt 2. Ya ce ga ɓarawon nan. Don ya tabbatar min sai ya ɗauko guntuwar waya ya haɗa baƙar da kan batir kai tsaye, aka ba da wuta, mita ta tsaya cak a 14.3, duk yadda aka murɗa ba ta ƙara ba. Wallahi har dariya na yi.

Na ce to a bar shi haka mana tunda ya yi. Ya ce a'a, wannan gwaji ne kawai, in aka bar ta a haɗe za ta iya riƙa tsotsar batir ko babur na ajiye. Ya kwance makullin ya buɗe gindinsa, 'yan tagullan ciki duk sun yi kore sun yi baƙi, ɗaya ma sifirin ɗinsa ya mutu. Ya goge su da sanfefa mai laushi har suka yi ƙyalli, ya ɗan ja sifirin ɗin, ya yanke wani soket da ya narke a cikin kan fitila wanda aka naɗe da salatif, ya haɗa da dalma. Koriyar wayar ma ya kwance ta daga jikin bodi ya kankare fenti da tsatsar wurin ya ɗaure tam, don a cewarsa rektifaya ta nan take zubar da rarar wuta, in koriyar nan ba ta kama bodi sosai ba ko sabuwa dal ce haukacewa za ta yi. Da aka mayar da komai caji ya zauna a 14.2.

Batir dai bai tsira ba. Ya nuna min farantan ciki ta jikin robar, sun lanƙwashe, ƙasa duk gari ya taru, dole na sayi wani. Ya hana ni sayen busasshen nan da ba a buɗewa, wai in caji ya sake ƙwacewa mai ruwa zai nuna maka da wuri, shi kuwa busasshe kumbura kawai zai yi. A nan ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, tunda an gyara caji ban ga abin tsoro ba, amma na bi tasa. Ya kuma ja kunnena kan ruwan famfo da ƙarin asid, ruwan batir tatacce kaɗai ake ƙarawa, kuma kar a kusanto da sigari ko ashana kusa da batir mai tafasa, iskar da yake fitarwa tana kama wuta.

Wanda nasa har yanzu mai volt 6 ne, na tambaya muku. Ya ce da yawansu ba su da abin daidaita wuta sam, batir da ƙwayayen fitila su ke shanye ta, shi ya sa in ka cire batir ko ƙwai ɗaya ya mutu ka ƙyale, sauran ma bi suke yi ɗaya bayan ɗaya. Cajinsu wajen volt 7 ne, kuma a sa ƙwai mai wat ɗin da kamfani ya rubuta.

Sai abin da ban ji daɗinsa ba. Baban nan ba ya sauri ko kaɗan, kuma in ka matsa masa zai ce ka ɗauki abinka. Ba ya ɗaga waya, ba ya ajiye kayan gyara, komai sai yaro ya tafi kasuwa ka zauna jira, rumfar kuma da azahar ba ta tare rana. In kana da uzuri a ranar kada ka fara. Kuɗin aikinsa kuwa bai kai rabin abin da na ba da na batir ba, bai kuma sa ni sayen ko abu ɗaya da ba a buƙata ba, tsohuwar rektifayar da aka cire min a wani wuri ma ya gwada ta ya ce lafiyarta ƙalau, in ajiye.

In za ka je ka je da sassafe, ka tafi da duk tsofaffin kayan da aka cire maka don ya gwada su, kuma kar ka sa sabon batir sai an auna caji tukun.